Tambayoyi da Amsoshi Kan Lambar 2,147,483,647

Lambar 2,147,483,647 ta yi suna a fagage biyu. Masana lissafi sun san ta tun ƙarni na 17, sun kuma tabbatar a ƙarni na 18 cewa babu lambar da ke raba ta ban da 1 da ita kanta. Masu rubuta manhajar kwamfuta kuwa suna cin karo da ita a matsayin iyakar da ƙirge ba ya ƙetarewa a cikin na'urori masu yawa. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi sifofinta, da hujjojin da aka kafa su a kai, da kuma inda waɗannan fagage biyu suka haɗu.

Yaya ake karanta wannan lamba, kuma girmanta ya kai ina?

Ana karanta ta da cewa biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Alƙalumanta goma ne, kuma idan aka tara su ɗaya bayan ɗaya ana samun 46. Hanya mafi sauƙi ta gane girmanta ita ce a auna ta da lokaci: wanda zai ƙirga lamba ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, zai shafe kwana 24,855 da awa 3 da minti 14 da daƙiƙa 7 kafin ya kai ƙarshe, wato shekara 68 da 'yan kwanaki. Duk da haka ba ta kama ƙafar yawan mutanen duniya ba, wanda ya haura biliyan 8 a shekarar 2022, domin kaɗan ta ɗara kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi.

Me ya sa ake rubuta ta a matsayin 2³¹ − 1?

Alamar 2³¹ tana nufin a jera lamba 2 har guda 31 a ninka su da juna. Sakamakon shi ne 2,147,483,648, kuma idan aka ɗebe 1 sai a samu lambar da ake magana a kanta. Wannan rubutu na biyu ya fi na farko amfani nesa ba kusa ba, domin alƙaluman nan goma ba su nuna wani tsari ga mai kallo, alhali kusan duk sifofin lambar suna fitowa ne daga cewa ita ninkin biyu-biyu ce da aka rage wa ɗaya.

Ana iya isa gare ta ta hanyar tarawa ma. Idan aka fara da 1, aka riƙa ruɓanyawa ana tarawa, 1 da 2 da 4 da 8 da 16, har aka tara lambobi 31, jimillar ita ce 2,147,483,647 ba ragi ba ƙari. Ana ganin dalilin tun daga ƙananan misalai: 1 da 2 da 4 sun ba da 7, saura ɗaya a kai 8, sannan 1 da 2 da 4 da 8 sun ba da 15, saura ɗaya a kai 16. Saboda haka a tsarin rubutun lamba da kwamfuta ke amfani da shi, wanda ba shi da alƙaluma sai sifili da ɗaya, lambar tana fitowa ne a matsayin ɗaya guda 31 a jere, babu sifili ko guda a tsakaninsu.

Waɗanne lambobi ne ke raba ta ba tare da saura ba?

Guda biyu ne kawai: 1 da ita kanta. Irin wannan lamba, kamar 2 da 3 da 5 da 7 da 11, ita ce za a kira gagara-raba a nan. Idan aka jera lambobi gagara-raba daga 2 zuwa sama, 2,147,483,647 ita ce ta 105,097,565 a jerin.

Gwaje-gwajen da ake koyarwa a makaranta suna kawar da ƙananan masu rabawa nan take. Ta ƙare da 7, don haka 2 da 5 ba su shiga. Jimillar alƙalumanta 46 ce, kuma idan aka raba 46 da 3 ko da 9 saura 1 ne, don haka su ma ba su shiga. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje ba su isa hujja ba, domin lamba mai alƙaluma goma tana iya tsallake dubban ƙananan masu rabawa sannan ta rabu da wata lamba mai alƙaluma biyar.

Shin kasancewar 31 gagara-raba ne ya sa ita ma ta zama haka?

Sharaɗi ne da ba makawa sai an cika shi, amma bai wadatar ba. Idan lambar sama, wato ƙaramar lambar da ake rubutawa a saman 2 kamar 31 a 2³¹, tana rabuwa, to sakamakon ma dole ya rabu. A ɗauki 2¹⁵ − 1, wadda ita ce 32,767. A rubutun sifili da ɗaya ita ɗaya ce guda 15 a jere, kuma ana iya kasa su uku-uku ko biyar-biyar, kamar yadda ake kasa 111,111 gida biyu a ga cewa 111 tana raba ta. Ɗaya guda uku a jere a wannan tsari 7 ce, guda biyar kuwa 31 ce, kuma lalle 32,767 daidai take da 7 × 31 × 151. Tun da 31 ba ta kasuwa gida-gida daidai, wannan ƙofa a rufe take.

Amma akwai wasu ƙofofin. Lamba 11 gagara-raba ce, sai ga shi 2¹¹ − 1, wato 2,047, daidai take da 23 × 89. Haka nan 2²³ − 1 tana rabuwa da 47, sannan 2²⁹ − 1 tana rabuwa da 233 da 1,103 da 2,089. Lambobin sama da ke haifar da gagara-raba, daga farko, su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19 da 31, wato tamu ita ce ta takwas, kuma tsakaninta da ta bakwai, 524,287, akwai tazara mai faɗi.

Ana kiran wannan dangi lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa wanda ya wallafa jerinsa a 1644. Ya ce lambobin sama da ke aiki, har zuwa 257, su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya dace a kan 31 da 127, amma 67 da 257 ba sa cikin dangin, kuma ya tsallake 61 da 89 da 107. Bai kawo hujja ba, don haka maganarsa kan 31 ta zauna a matsayin hasashe har shekara 128.

Ta yaya aka tabbatar da ita ba tare da na'ura ba?

Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan Suwizalan, shi ya bayyana hujjar a 1772, lokacin yana zaune a Rasha kuma ganinsa ya kusa ɗaukewa gaba ɗaya. Abin da ya kamata a lura da shi a aikinsa shi ne yadda ya rage yawan rabawar da za a yi tun kafin a fara yin ta.

Matakin farko sananne ne. Idan lamba tana rabuwa, to ɗaya daga cikin masu raba ta ba zai wuce lambar da, in an ninka ta da kanta, za ta ba da lambar ba. Tun da 46,340 × 46,340 ya ba da 2,147,395,600, wanda bai kai lambarmu ba, sannan 46,341 × 46,341 ya ba da 2,147,488,281, wanda ya wuce ta, babu buƙatar gwada komai sama da 46,340. Idan aka taƙaita ga lambobi gagara-raba kaɗai, sauran kusan 4,800, kuma wannan ma aiki ne mai cin rai ga mai rabawa da hannu.

Mataki na biyu ya dogara ga wata ƙa'ida da Pierre de Fermat ya bayyana a 1640, kuma ya fi sauƙin fahimta da ƙaramin misali. A ɗauki 23, wadda ke raba 2,047. A riƙa ruɓanya 2, duk lokacin da sakamakon ya kai 23 ko ya wuce sai a ɗebe 23 a riƙe saura. Abin da ke fitowa shi ne 2, 4, 8, 16, 9, 18, 13, 3, 6, 12, 1. A mataki na 11 aka dawo kan 1, daga nan kuma zagayen zai maimaita kansa. Ƙa'idar Fermat ta ce tsawon irin wannan zagaye dole ya raba lambar da aka rage wa ɗaya, a nan 22, kuma 11 ta raba 22. Idan aka juya maganar, duk gagara-rabar da za ta raba 2¹¹ − 1 dole ta zama ninkin 22 da ƙarin ɗaya, domin idan aka rage mata ɗaya dole 11 da 2 duka su raba abin da ya rage, kuma haka abin yake: 23 ita ce 22 da 1, sannan 89 ita ce 88 da 1. A game da 2³¹ − 1, zagayen dole ya zama mai mataki 31, saboda haka duk mai raba ta dole ya zama ninkin 62 da ƙarin ɗaya.

Mataki na uku ya ƙara tsuke hanyar. An tabbatar cewa duk gagara-rabar da ke raba irin wannan lamba tana barin saura 1 ko 7 idan aka raba ta da 8. Idan aka haɗa wannan da sharaɗin 62, abin da ya rage shi ne lambobi iri biyu: ninkin 248 da ƙarin 1, ko ninkin 248 da ƙarin 63. Waɗanda ke ƙasa da 46,340 ba su kai 400 ba, kuma mafi yawansu suna rabuwa da ƙananan lambobi, don haka ba sai an gwada su ba. Na farko a jerin su ne 63, 249, 311, 497 da 559, kuma a cikinsu 311 ce kaɗai gagara-raba. Idan aka raba 2,147,483,647 da 311 ana samun 6,905,092 da saura 35, don haka ta faɗi. Haka sauran suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Wannan hujja ta sa lambar ta zama gagara-raba mafi girma da aka sani a zamanin, kuma ta riƙe wannan matsayi shekaru da dama, har cikin ƙarni na 19.

A yau ma haka ake gwada irin waɗannan lambobi?

A'a, akwai gwajin da ba ya neman mai rabawa ko kaɗan. Édouard Lucas ya aza harsashinsa a shekarun 1870, Derrick Lehmer ya kammala shi a 1930. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa a riƙe saura, sannan a maimaita da wannan saura. Yawan maimaitawar shi ne lambar sama da aka rage wa biyu. Idan saura na ƙarshe sifili ne, lambar gagara-raba ce. Idan ba sifili ba ne, tana rabuwa.

Ga yadda yake aiki a kan 31, wadda ita ce 2⁵ − 1, inda ake buƙatar mataki uku. Daga 4 ana samun 14. Daga 14 ana samun 194, wadda saurarta 8 ne bayan an raba da 31. Daga 8 ana samun 62, wadda 31 ke rabawa daidai, saura sifili. A kan 2,147,483,647 mataki 29 kacal ake yi, kuma na ƙarshen yana ba da sifili. Gwajin yana da wata halayya mai ban mamaki: idan lamba ta faɗi, yana tabbatar da cewa tana rabuwa ba tare da ya faɗi abin da ke raba ta ba. Shi ya sa aka san tun 1876 cewa 2⁶⁷ − 1 tana rabuwa, amma sai a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna cewa ita ce 193,707,721 × 761,838,257,287.

Me za a ce game da lambobin da ke maƙwabtaka da ita?

Maƙwabtanta biyu na kusa sun sha bamban da ita, kuma sun sha bamban da juna. Wadda ke gabanta, 2,147,483,648, ba ta ƙunshi komai ba sai 2, kuma lambobi 32 ne ke raba ta. Wadda ke bayanta, 2,147,483,646, daidai take da 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, kuma lambobi 192 ne ke raba ta. Wannan ya bayyana abin da mai gwada rabawa zai lura da shi da wuri, wato saura 1 da ke ta fitowa ko an raba lambarmu da 2, ko 3, ko 7, ko 9, ko 11, ko 31.

Ba ta da tagwaye, ma'ana babu wata gagara-raba da ke nesa da ita da biyu kawai, kamar yadda 11 da 13 suke. Idan aka ɗebe 2 ana samun lamba mai ƙarewa da 5, idan aka ƙara 2 kuma ana samun 2,147,483,649, wadda ita ce 3 × 715,827,883. Gagara-raba mafi kusa da ita daga ƙasa ita ce 2,147,483,629, daga sama kuma 2,147,483,659.

Za a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'ai?

Murabba'i shi ne sakamakon ninka lamba da kanta, kamar 4 da 9 da 16. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta da murabba'ai huɗu ko ƙasa da haka, kuma 2,147,483,647 tana cikin waɗanda sai an cika huɗun. Dalilin gajere ne. Kowane murabba'i, idan aka raba shi da 8, yana barin saura 0 ko 1 ko 4, kuma duk yadda aka haɗa uku daga waɗannan ba za a samu saura 7 ba. Lambarmu kuwa ninkin 8 ce da aka rage wa ɗaya, don haka saurarta 7 ne. Irin wannan ne ya sa 7 kanta ba ta rubutuwa sai da 4 + 1 + 1 + 1.

Mece ce alaƙarta da kammalallun lambobi?

Kammalalliyar lamba ita ce wadda, idan aka tara duk masu raba ta ban da ita kanta, ake samun ita ɗin. Ta farko 6 ce, domin 1 da 2 da 3 sun ba da 6, sai 28, sai 496, sai 8,128. Yuklid, masanin lissafin tsohuwar Girka, ya nuna fiye da shekara dubu biyu da suka wuce cewa duk lokacin da jimillar 1 da 2 da 4 da 8 zuwa sama ta tsaya a kan gagara-raba, to ninka wannan jimilla da lambar ƙarshe da aka tara yana ba da kammalalliyar lamba. Misali 1 da 2 da 4 sun ba da 7, kuma 7 × 4 ya ba da 28. Euler ya tabbatar da ɗaya ɓangaren, cewa duk kammalalliyar lambar da 2 ke rabawa ta wannan hanya take fitowa.

Saboda haka hujjar 1772 ta zo da kammalalliyar lamba ta takwas a tare da ita: 2,147,483,647 × 1,073,741,824, wato 2,305,843,008,139,952,128, mai alƙaluma 19. Wannan lamba tana da wata sifa da ta cancanci a ambata, domin ita ce abin da za a samu idan aka tara dukkan lambobi daga 1 har zuwa 2,147,483,647, kamar yadda 28 take jimillar 1 zuwa 7. A 1811 Peter Barlow, masanin lissafi ɗan Ingila, ya rubuta cewa da wuya a sake gano wadda ta fi ta girma, domin a ganinsa irin waɗannan lambobi abin sha'awa ne kawai marasa amfani, ba wanda zai wahalar da kansa wajen neman na gaba. A 1876 Lucas ya tabbatar da 2¹²⁷ − 1, mai alƙaluma 39, kuma da hannu ya yi aikin.

Gaskiya ne cewa ita lambar Mersenne ce har hawa biyu?

Gaskiya ne, domin 31 da ke samanta ita ma 2⁵ − 1 ce. Lambobi gagara-raba huɗu kaɗai aka sani masu wannan sifa: 7, da 127, da 2,147,483,647, da 2¹²⁷ − 1. Idan aka ƙara hawa ɗaya aka ɗora lambarmu kanta a saman 2, ana samun lamba mai alƙaluma sama da miliyan 646, kuma an riga an gano masu raba ta.

Me ya sa take yawan bayyana a harkar kwamfuta?

Kwamfuta tana ajiye lamba a gurabe masu iyaka, kowane gurbi yana ɗaukar sifili ko ɗaya, kuma shi ake kira bit. Shekaru da yawa ma'aunin da aka fi amfani da shi bit 32 ne, wanda ke iya ɗaukar lambobi daban-daban har 4,294,967,296. Idan ana son ajiye lambobin da ke ƙasa da sifili ma, sai a raba wannan adadi gida biyu, gurbin farko ya zama gurbin alama, wato mai nuna ko lambar tana ƙasa da sifili. Gurabe 31 suka rage, kuma mafi girman abin da za su ɗauka shi ne a cika su duka da ɗaya, wato 2,147,483,647. A ɗaya gefen ana sauka har zuwa −2,147,483,648. Gefen ƙasa ya fi da ɗaya ne saboda sifili ya ci wuri guda a gefen sama.

Idan aka ƙara 1 a kan wannan iyaka, abin da ke faruwa ya yi kama da mitar kilomita ta mota da ta cika da tara-tara ta juya. Dukkan gurabe 31 suna komawa sifili, ɗayan da aka ɗauko ya faɗa gurbin farko, sai na'urar ta karanta sakamakon a matsayin −2,147,483,648. A Disamba 2014 YouTube ta sanar da cewa ta faɗaɗa ma'ajiyar ƙirgen masu kallo zuwa bit 64, a daidai lokacin da wani bidiyon waƙa daga Koriya ta Kudu ya haura wannan adadi. A 2015 kuma hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na'urorin sarrafa janareton jirgin Boeing 787 za su iya kashe kansu idan suka yi kwana 248 a kunne ba a kashe su ba. Masu sharhi sun lura cewa idan ana ƙirga kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ana isa 2,147,483,647 ne bayan kwana 248 da rabi.

Shin an zaɓi wannan iyaka ne saboda lambar gagara-raba ce?

Ko kusa. Iyakar ta fito ne daga faɗin ma'ajiya, kuma dacewa ce kawai ta sa 31 ta faɗo cikin jerin Mersenne. Sauran ma'aunai sun isa shaida. Iyakar bit 8 ita ce 127, wadda gagara-raba ce, amma ta bit 16 ita ce 32,767, wadda aka ga tana rabuwa da 7 da 31 da 151. Iyakar bit 64 ita ce 9,223,372,036,854,775,807, wato 2⁶³ − 1, kuma tun da 3 da 7 suna raba 63, to 7 da 127 suna raba ta. Ko a bit 32 ɗin ma, idan ba a ware gurbin alama ba, iyakar tana zama 4,294,967,295, wadda ita ce 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537.

Mece ce matsalar shekarar 2038?

Unix, wani tsarin manhaja da ke gudanar da kwamfuta, da dangoginsa suna ƙirga lokaci ne da yawan daƙiƙoƙin da suka wuce tun daga ƙarfe 12 na daren da ya shiga 1 ga Janairu 1970, a agogon duniya na UTC. Inda aka ajiye wannan ƙirge a bit 32 mai gurbin alama, zai cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 3 da minti 14 da daƙiƙa 7 na asuba. Daƙiƙa ɗaya bayan haka ƙirgen zai juya ƙasa da sifili, na'urar ta ɗauka ana 13 ga Disamba 1901. Maganin sananne ne, wato ajiye lokaci a bit 64, wanda ba zai cika ba sai bayan shekaru kusan biliyan 292, kuma yawancin sababbin kwamfutoci da wayoyi sun riga sun koma can. Inda aikin ya rage shi ne tsofaffin na'urorin da aka dasa cikin injuna, da tsarin ajiyar bayanai da aka gina tun da daɗewa. Manhajar da ke lissafin kwanan wata na gaba, kamar wa'adin bashi na shekara ashirin, tana iya cin karo da iyakar tun kafin shekarar ta zo.

Akwai inda kasancewarta gagara-raba yake da amfani a aikace?

Akwai, kuma a nan ne fagagen biyu suka haɗu da gaske. Kwamfuta kan buƙaci jerin lambobi masu kama da na ƙuri'a, domin gwaje-gwajen kimiyya da wasanni. Wata tsohuwar hanya ita ce a ɗauki lamba, a ninka ta da 16,807, a raba da 2,147,483,647, a riƙe saura, sannan a maimaita. Idan aka fara da 1 ana samun 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073. An gabatar da wannan zaɓi a 1969, kuma Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a ɗauke shi ma'auni a 1988. Saboda mai rabawar gagara-raba ce, saura ba zai taɓa faɗawa sifili ba, kuma da wannan mai ninkawa jerin yana ratsa kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 sau ɗaya kafin ya dawo farko. Zaɓin mai ninkawa ba abin wasa ba ne: da za a sa 2 a madadin 16,807, jerin zai dawo farko bayan mataki 31 kawai.

Siffar lambar ma tana sauƙaƙa aikin. Wanda ke neman saurar 4,567 bayan rabawa da 99 ba sai ya yi rabawa ba: ya tara 45 da 67 ya samu 112, ya tara 1 da 12 ya samu 13, kuma saurar ke nan. Dabarar tana aiki ne saboda 99 ta gaza 100 da ɗaya. Tun da lambarmu ta gaza 2³¹ da ɗaya, kwamfuta tana iya yanka sakamako a gurbi na 31 ta tara ɓangarorin biyu, wanda ya fi rabawa sauri. Wannan hanya ba ta dace da ɓoye sirri ba, domin duk wanda ya ga lamba ɗaya a jerin zai iya lissafa ta gaba.

Har yanzu ana ɗaukar ta babbar gagara-raba?

Ta daɗe da zama ƙarama. Wayar hannu tana tabbatar da ita kafin ƙiftawar ido, kuma lambobi gagara-raba da ake amfani da su wajen kare bayanai a intanet, a tsarin ɓoye saƙo da ake kira RSA, suna da alƙaluma ɗari uku ko fiye. A dangin Mersenne, wanda ita ce ta takwas a cikinsa, an san guda 52 zuwa ƙarshen 2024. Mafi girma a cikinsu ita ce 2 mai lambar sama 136,279,841 da aka rage wa ɗaya, mai alƙaluma 41,024,320, wadda Luke Durant ya gano a Oktoba 2024 ta hanyar GIMPS, wani shiri na 'yan sa kai da George Woltman ya kafa a 1996, inda mutane ke ba da aron ƙarfin kwamfutocinsu. Gwajin Lucas da Lehmer ne aka yi amfani da shi wajen tabbatar da ita. Yuklid ya tabbatar cewa lambobi gagara-raba ba su da ƙarshe, amma har yau babu wanda ya kawo hujjar cewa na dangin Mersenne ma haka suke, kuma babu wanda ya gano kammalalliyar lambar da 2 ba ta rabawa ko ya tabbatar cewa babu ita.